Askin da Gyurme Bai Ƙarasa Ba

Gyurme yana ɗan shekara bakwai uwarsa ta tsallako duwatsu da shi daga Tibet zuwa Indiya. A garin Dharamsala, matattarar 'yan gudun hijirar Tibet, ya girma, ya buɗe shagon aski, ya ƙware wajen ce wa kowa "gaskiyarka".

In mai neman cikakken 'yancin Tibet ya hau kujera yana tsine wa mulkin Sin, gaskiyarsa. In mai cewa a lallaɓa a karɓi cin gashin kai a ƙarƙashin Sin ya zo, shi ma gaskiyarsa. Shekara talatin asirinsa a rufe.

Ran nan Phurbu mai sayar da rigunan sanyi ya haɗu a shagon da mijin ƙanwarsa, Thupten, tsohon malamin makaranta. An aske rabin kan Phurbu ke nan gardama ta kaure.

"'Yanci ko mutuwa!" in ji Phurbu.

"Mutuwar wa?" in ji Thupten. "Kai da tudun kasuwa ke sa ka haki?"

"Ku kuwa kun yi furfura kuna jiran Beijing ta amsa wasiƙa!"

Suka juyo kan Gyurme, kowa na rantsuwa wanzami nasa ne.

Gyurme ya ajiye aska. "'Yan uwa, ni ko sunan ƙauyenmu ya ɓace mini. Duk wanda zai kai ni in gan shi, ina bayansa."

Phurbu ya fice da rabin aski, Thupten na biye yana ƙyaƙyata dariya. Tun daga ranar dukansu suka koma wurin wani wanzami ɗan Indiya wanda ba ya jin yarensu.