Shekarar da aka ce mu muka hana ruwa

Shekarun baya, lokacin Turawa ba su daɗe da cin Kano ba, ina zaman kaina a gidan Magajiya, can bayan kasuwar Dutse. Aurena ya mutu, a gidanmu kuma babu mai iya riƙe ni. Ban faɗa don a yabe ni ba, haka dai rayuwa ta zo.

A wata damina aka yi shuka, gero ya fito, sai ruwa ya ɗauke. Aka yi roƙon ruwa, shiru. To kun san halin mutanenmu. In sama ta ƙi zubarwa ba a tuhumar mai tauye mudu, ba a tuhumar mai cin gonar marayu, mu ake nema. Mai shela ya zagaya gari, wai duk macen da ke zaman kanta ta yi aure kafin Juma'a ko ta tattara nata ya nata.

Ba a ma jira Juma'ar ba. Da rana tsaka maza suka faɗo mana da sanduna. Ni da kullum nake cika bakin ba namijin da nake tsoro, sai ga ni a bayan rumbu na lulluɓa da tabarma. Ƙawata, wadda muke ɗaki ɗaya, ita ce ta tsaya a bakin ƙofa. Wani dillalin hatsi daga Limawa ya sakar mata gora a fuska, idonta na hagu ya fashe. Mutumin nan fa, ko a makon ita ta wanke masa riga.

Magajiya, wato dattijuwar da ke shugabantarmu, ta ce sai gaban alƙali. Muka riƙo ƙawata muka je muka durƙusa. Ko kallonmu bai yi ba ya ce, "Ina shaidu?"

Magajiya ta ce, "Ga mu nan, Allah ya gafarta Malam. Duk a gabanmu aka yi."

"Shaidar irinku ba ta karɓuwa. A kawo maza biyu adilai."

Jini yana tsattsafowa ta tsumman da aka ɗaure wa ƙawata ido da shi, amma wai wannan bai isa shaida ba. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Magajiya ta gyara mayafi, ta waiwaya ta dubi mazan da suka cika zauren. Ta ce, "Adilai kam ba su yi mini wuya ba, Malam. Da yawansu suna wajen da aka yi dukan, kuma ba jiya suka san gidana ba. Bari in kira su ɗaya bayan ɗaya, in faɗi ɗakin da kowa ya saba shiga, sai ka zaɓi biyu."

Nan take tari ya kama zaure. Kafin ta kira suna ko ɗaya, mutum biyu sun miƙe, wai hanya ce ta biyo da su, kuma lallai dillalin ne ya yi dukan. Alƙali ya yanke masa diyyar ido. Ya kuma ce daga ranar duk macen gidan Magajiya da aka ji wa rauni, ungozoma ta duba, a saurari ƙararta kamar ta kowa. Mata da yawa sun ci moriyar wannan bayanmu, masu ɗaga sanda suka ragu.

Ana cewa in gode wa alƙalin, ni kuwa na kasa. Ba tausayi ne ya miƙar da shaidun nan ba, tsoron tonon asiri ne. Haƙƙin da Allah ya riga ya ba kowane ɗan Adam, mu sai da aka makantar da ɗayarmu kafin a yarda muna da shi.

Ruwa kuwa ya sauko kafin Juma'ar, muna nan cikin gari, ko ɗaya ba ta yi aure ba. Gero ya yi kyau a shekarar. Babu wanda ya tako ya ce mana sannu, kuma har ƙawata ta koma ga Allah da ido ɗaya take duba hadari.