Makullin Ɗakin Sama

Kiɗan goge ne ya tsayar da ni a ƙofar kicin shekaranjiya. 'Yata ce ke kallon wani abu a waya, sai na ji sautin nan mai ja a hankali, da kukan tsohuwar ƙofa a bayansa. Ashe wasan talabijin ɗin nan ne aka sake ɗorawa, wanda muke kallo ina 'yar shekara goma sha ɗaya a gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka. Na bar miya a wuta na samu wuri na zauna.

Gaskiya ɗaya ce, mai karatu, har yau ban ga wasan da ya kama ƙafarsa ba. Wani ƙaton gidan dutse ne a ƙasar Turawa, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ba a taɓa nuna jini ba, balle dodo. Kyandir ɗaya, doguwar baranda, takun ƙafa a saman bene inda aka ce babu kowa, shi ke nan tsikar jikinka ta tashi. Amarya aka kawo gidan, kullum tana tambaya wane ne a sama, kullum ana ce mata ɓeraye ne. Akwai kuma wata doguwar mai aiki da ba ta dariya, da tarin makullai a ƙugunta.

Bayan la'asar ake sa shi, ni da kakata muke kallo a ɗakinta na saman rufi. Fanka na kaɗa iska mai zafi, ɗakin na ƙamshin man shanu da turaren wuta. Kaka tana da zanen aska uku-uku a kumatu. Da ƙafa ta zo Makka, ta Chadi da Sudan, goye da mahaifina, kuma da tuwon da ta yi ta dafa wa alhazai a Mina aka aza tubalin gidan nan. Larabcinta na kasuwa ne da na salla, wasan kuwa da Larabcin littafi aka juya shi, don haka ni ce tafinta. Takan ce Hausata kamar tuwon da bai ji wuta ba ce, amma a haka take haɗiyewa.

Ta fi ni son wasan. Takan ce, "Waɗannan bayin Allah, rana ba ta fito musu ne?" In mai makullai ta bayyana sai ta ja tsaki. Tun a mako na biyu ta yanke hukuncinta: "Fatalwa ba ta tari. Mutum suka ajiye a can."

Ranar da za a nuna ƙarshen wasan ita ce ranar da matan gidan mai neman yayata za su zo ganinta. An ce mutanen tsofaffin 'yan ƙasa ne, ba a jin Hausa a bakinsu. Tun da hantsi kaka ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take ajiyewa don Idi, ta dama fura a ƙwarya saboda baƙi. Dab da la'asar mahaifiyata ta ja ni kicin, ta danƙa min makulli, ta ce da Larabci, "Ki hau da kakarki ku kalli wasanku. Ki kulle ta ciki, kada ta sauko sai sun tafi." Mahaifina yana tsaye yana ji. Ya ɗauki takalmansa ya ce zai wuce masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba. Ni kuwa murna na yi, tunda na tsira daga raba shayi.

Kaka ta ji lokacin da makullin ya juya. Ta dubi ƙofar, ta dubi ƙwaryar da ke hannunta, ta ajiye ta a ƙasa. Dariyar mata da ƙamshin gahawa suna hawo mana ta taga. A talabijin amarya ta saci makulli, ta hau benen, ta tura ƙofar. Tsohuwa ce a zaune, uwar mai gidan, sanye da kayan da ta sa tun ranar bikin ɗanta. Tsohuwar ta fara magana, na buɗe baki zan fassara.

Kaka ta ce, "Bari, jikata. Wannan ba ya bukatar tafinta."

Sai ta miƙo min tafin hannunta. Na zaci makullin take so, na dunƙule hannu na kai shi bayana. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ludayi za ki miƙo min, mai makullai." Ta ɗebo min furar baƙin, na sha.

Daga ranar ba ta ƙara saukowa don wani baƙo ba, rai kuma bai kai ta ranar bikin ba. Da surukan suka zo ta'aziyya, sun taho da wata tsohuwa mai zane a fuska, tana dogara sanda. Kakar angon ce. Ta gaishe mu da Hausar Sakkwato tsantsa, ta tambayi garin marigayiya, ta girgiza kai ta ce, "Da sun taho da ni rannan, ai da mun sha hira." Su ma a gida suka baro tasu. Mahaifiyata ta sunkuyar da kai, ni kuma abin yana ci min rai har gobe.

Yanzu an sayar da gidan, an rushe ɗakin sama. 'Yata ba ta jin Hausa, laifin kuma nawa ne. Da ta ga idona ya kawo ruwa, ta tambaye ni da Larabci mene ne abin tsoro a wannan tsohon wasa. Na ce mata ta kalla har ƙarshe, wasa ne mai kyau. Amaryar nan baƙuwa ce a gidan, sai da ta yi sata kafin ta buɗe ƙofar. Ni jikar gida ce, makullin kuma a hannuna yake.