Hular Yaya Isiyaka

Bana shekara tara ke nan da rasuwar aminina Sallau maharbi. Ni dillalin dabbobi ne a kasuwar Dakoro, kuma ba na yabon abin da ban gwada ba. Shi ya sa ranar da Sallau ya rataye bindiga ya ce zai koya wa karnukansa neman mutanen da suka ɓata a daji, na ce masa wannan ba sana'a ba ce. Ya yi dariya, ya ce to in zo in taya shi.

Na taya shi kuwa. Na sha zama bayan tudun rairayi da guntun kilishi a aljihu, shi yana can yana ba kwikwiyo hulata ya shinshina, ya sakar masa doguwar igiya. Bai taɓa dukan kare ba. Ƙa'idarsa biyu ce: tufar da za a kawo masa kada a wanke ta, sannan wanda aka gano shi ne zai ba kare ladarsa da hannunsa. "In ni na ba shi," in ji shi, "ni zai riƙa nema."

Ba kowa ya so abin ba. Yayana Isiyaka, mutum mai tsantseni, bai taɓa barin kare ya tsallake ƙofarsa ba. In Sallau ya zo gaisuwa, daga bakin hanya suke yin ta.

Bazarar da ta wuce tsufa ya fara rikita Yaya Isiyaka. Wata safiya bayan sallah ya fita, bai dawo ba. Na so Sallau ya ga yadda ake neman mutum a yau. Kafin hantsi hotonsa ya shiga wayar kowa, samari sun bazu bisa moto, wato babura, sun nufi kasuwa, tunda can ya yi rayuwarsa. Wayarsa kuwa tana kan tabarma. Rana tana ɗagawa, ni kuma na san abin da zafinmu ke yi wa tsohon da ba ya riƙe da ruwa.

Na aika a kira Lawali, babban ɗan Sallau, wanda ke noma ta hanyar Korahane. Ya zo da Kyalla, jikar karyar ubansa. Hajiya Mariyama, matar yayana, ta shiga ɗaki ta fito da babbar rigar Juma'a, wankakkiya, tana ƙamshin turare.

"Inna, wagga ta sha sabulu," in ji Lawali. "Ina hular da yake yini da ita?"

"Haba Lawali, wannan mai maiƙon zan hiddo gaban mutane?"

"Ita nike so, Inna."

Ta kawo ta a ƙunshe cikin gefen mayafi, kamar kayan sata.

Tayoyin moto sun riga sun tattake ƙofar gida. Lawali ya ja Kyalla bayan gari, ya kewaya da ita a hankali yana jiƙa mata hanci, yadda na ga ubansa yana yi. Can sai ta ja igiya ta miƙe arewa. Wasu suka ce kasuwa ba ta can. Ni na bi ta, don na tuna tsohuwar rijiyar da mahaifinmu ke shayar da raƙuma muna yara.

Nan muka same shi ƙarƙashin aduwa, takalmi ɗaya a ƙafa, leɓe ya bushe, yana jiran raƙuman da suka daɗe da barin duniya. Da muka ba shi ruwa ya haɗiye, na ga maƙogwaronsa ya motsa, sai na zauna a ƙasa kusa da shi.

Lawali ya fiddo kilishi ya durƙusa. "Baba, kai za ka ba ta."

Na buɗe baki in ce a bar wannan, na san halin yayana. Amma tsohon ya dubi Lawali ya daɗe, sannan ya ce, "Sallau, har yanzu kai da karnukan nan?"

"Har yanzu, Baba."

Ya karɓa da hannun dama ya miƙa mata.

Bayan rasuwar Sallau na yi zaton aikin ya bi shi kabari, don bai bar lakwal ba, wato makaranta, bai bar takarda ba. Da ya ga wayoyinmu da motocinmu, ina jin ba zai kushe su ba, zai ce dai a tsayar da su bakin hanya har kare ya ɗauki sawu. Abin da ya bari shi ne ɗa mai haƙurin kewaya gari, da karya mai neman wanda ba ta sani ba don ta saba alheri yana hannunsa.

Yaya Isiyaka yana gida. Hajiya ta wanke masa komai, amma hular nan ta rataye ta a ƙusa bayan ƙofa, ta ce kada kowa ya sa mata ruwa. Allah ya jiƙan Sallau, ya sa ya huta.