Sunan Garin Sitti

Wata Asabar bayan Babbar Sallah, shekarar da na cika goma, malamarmu Abla Hauwa ta shigo aji da wani littafi mai faɗi a hammata, ta ce mu rufe na lissafi. Ajin namu ɗaki ne guda a gidanta a unguwar Karantina ta Jidda, mu ashirin da wani abu a kan leda, yawancinmu 'ya'yan da makarantar gwamnati ba ta karɓa saboda rashin takardar zama. Fanka na juya iska mai zafi, ƙarar motar ruwa na shigowa ta taga. Abla ta yi shekaru tana raino a gidan wasu 'yan Ostireliya masu aikin asibiti, a can ta iya Turanci, kuma da za su tafi suka bar mata kwalin littattafan 'ya'yansu.

Ta buɗe hoton wani kogi na Ostireliya, ta ce sunansa Birrarung, mutanen da ke bakinsa tun kaka da kakanni kuma ana ce musu Wurundjeri. Muka yi ta dariyar sunan, har ta buga allo. Ta ce daga wata bishiya da tsutsar da ke cikinta suka samo shi. Ta nuna mana bargon da suke ɗinkawa da fatun wata ƙaramar dabba: a fara wa jariri da 'yan kaɗan, yana girma ana ƙarawa, ana zana alamun ƙasarsu a ciki. Sannan ta rage murya, ta ce baƙi sun zo sun gina birni a kan ƙasar, an kwashe 'ya'ya daga hannun iyaye, an hana su yarensu. "Amma har yau," in ji ta, "suna koya wa yaransu sunan kowane rafi." Sai ta ba mu aiki: kowa ya tambayo sunan garin kakanninsa da bishiyar da ke wurin.

Ni dai Karantina na sani. Na san lungun da muke carafke, na san layin jarkoki in motar ruwa ta zo, na san ƙofar da kakata, wadda muke kira Sitti, take kasa gyaɗa da yaji. Da la'asar na same ta tana ɓarar gyaɗa, na tambaye ta da Larabci, ta amsa da Hausa kamar kullum. Ta ajiye faranti, ta faɗi sunan garin, ta ce akwai ƙatuwar kuka a bakin rijiya, a gindinta aka yi musu addu'a ranar da suka kamo hanyar gabas da ƙafa. A hanya, a Sudan, ta haifi Baba. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske haka ba.

Tana cikin magana Baba ya dawo daga garejin kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, hannunsa duk baƙin mai. Ya tsaya ya ji, sannan ya ce, "Inna, don Allah bari. Ke kuma wa ya aike ki?" Da na ce Abla ce, ya ce yalla, na sa takalmi. A watan ne aka kama maƙwabcinmu da iyalinsa, aka tura su ƙasar da 'ya'yansa ba su taɓa gani ba, ana kuma raɗe-raɗin bakin yaro ne ya tona su. Baba yana da iƙama, wato takardar zama, amma tamu ta daɗe da mutuwa.

A ƙofar Abla ya ce, "Turanci na kawo ta ki koya mata, ba tonon asali ba. In an tare ta a hanya, 'yar Jidda ce, halas." Abla ta ce, "Malam, yaro ya san inda ya fito ai ba laifi ba ne." Ya ce, "Ke za ki ciyar da su in an kwashe mu?" Ya ja hannuna muka tafi. Daga ranar ban sake shiga ajin ba, kuma a gida Sitti ta daina zancen. Ni ma na ji tsoron sunan, ban rubuta ba, ban maimaita ba. Bayan shekara biyu ta rasu.

Na yi aure, na haihu, Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Wata rana ina yanke masa farce ya ce, "Rahma, garin nan da Inna ta faɗa miki, me ma sunansa?" Na ɗauka gwada ni yake. Ashe shi ma ya ƙi ji tun yana saurayi, har ya ɓace masa. Na yi ta juya harshena, babu abin da ya fito. Ya kawar da kai, ya ce ba komai.

Yanzu Karantina ma an rushe ta. Bara mijina ya bi da ni ta wurin a mota, fili fetal, na kasa nuna wa 'ya'yana ko inda ƙofarmu take. Suna baya suna hira da Larabci, ƙaramar ta tambaye ni yaushe za mu koma gida. A da gari ɗaya ne ya ɓace mini, yanzu sun zama biyu.