Hoton Inna daga Kan Dutse

Ƙauyenmu yana gindin wani dutse ne tsakanin Gwarzo da Kabo, kuma har yau ban san wanda ya fara gaya wa mutanen birni cewa dutsen nan abin kallo ne ba. Mu dai mun tashi muna shanya barkono a kansa. Sai ga shi duk bayan Sallah motoci na sauke mana baƙi daga Kano, kowa waya a sama, suna ɗaukar hoton abin da awakinmu suka gaji da gani. Ba mu ƙi ba. Mata na aiko da awara da fura a sayar a gindin tsamiya, gari ya zama kasuwa.

Amma muna da ƙa'ida. Tsakar gidajenmu a buɗe take, ba rufi. Saboda haka duk namijin da zai hau wuri mai tsawo, soro ne ko bishiya ko kafaɗar dutsen da ke kallon gidaje, sai ya tsaya ya ɗaga murya: "Gafara dai masu gida, za a hau!" Ya jira mata su kimtsa, sannan ya hau. Ba wanda ya taɓa gaya wa baƙi wannan. A ganinmu ai duk wanda ya tashi cikin mutane ya sani. Kuma su ta gabas suke hawa, inda ake hango gonaki kawai.

Wata Ƙaramar Sallah da hantsi ina gindin tsamiya sai na ji maƙwabciyarmu ta rafka salati daga cikin gidanta. Na ɗaga kai. Ga wani saurayi baƙo tsaye a kafaɗar dutse, ya saita wayarsa daidai gidanmu. Na san yadda na bar Inna, mahaifiyata: zaune a tabarma da ɗaurin ƙirji, ta tsefe kai tana jiran mai kitso. Ni da na sha nononta, tun da na yi wayo ban ga kanta ba ɗankwali ba.

Ina da saurin fushi, kowa ya sani, amma yayana ya riga ni isa. Shi ba ya magana da yawa, kuma irinsu ne abin tsoro. Kafin saurayin ya gama saukowa ya fizge wayar.

"Buɗe ta," in ji Yaya.

"Haba Malam, ni gari na ɗauka, ba mutum ba. Ba ni wayata."

Wannan amsar ce ta ɓata komai. Samarin gari suka kewaye shi, wasu da sanduna. Abokan tafiyarsa suka rugo suna hayaniya. Direbansu ya tayar da mota, nan take aka jawo gungume aka gitta a gabanta. Ni kaina na cakumi rigar yaron. Abin da ke raina ɗaya ne: hoton nan ya bar garin nan, gobe ya shiga wayoyin duniya, kowane ɗan iska ya ga kan uwata.

Limaminmu ya iso yana dogara sanda. Bai ɗaga murya ba, ya tambayi yaron ko ya yi gafara kafin ya hau.

"Wallahi Baba, ban san ana yi ba."

"To wa ya gaya masa a cikinku?" Liman ya tambaye mu. Ba wanda ya gaya masa, amma ba wanda ya sauke sanda.

Yaron ya buɗe wayar. Sai kuma aka tsaya cirko-cirko, don ba mai ikon dubawa. Duk wanda ya leƙa don ya tabbatar, shi ma ya ga abin da ake faɗa a kai. Yaya ya kifa wayar a tafinsa, ya kau da kai. Liman ya ce a kai wa Inna, tunda ita aka ɗauka, ita ta yanke hukunci. Aka miƙo mini.

Na tarar da Inna ta lulluɓe da mayafi a ƙofar ɗaki, ta ji komai. Na miƙa mata ina kallon gefe. Ta ƙura wa wayar ido, daga waje kuwa hayaniya sai ƙaruwa take yi.

"Zo ka duba mini," ta ce. "Wannan ni ce?"

Na duba. Ga gidanmu gaba ɗaya, ga rumbu, ga darbejiyar da mahaifinmu ya shuka kafin rasuwarsa. Ga Inna a tabarma, furfura fes a rana, tana yi wa wata kaza dariya. Ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba.

"Ashe haka gidan yake daga sama," ta ce. "Na tsufa a gindin dutsen nan, ban taɓa hawa ba."

"Inna, in tura a wayata kafin in goge? Ni kaɗai zan riƙa gani."

"Abin da aka ɗauka ba sallama ba zai kwana a gidana ba. Goge shi. Kuma ka gaya wa yayanka, duk wanda ya taɓa ɗan mutane ban yafe masa ba."

Na goge a gabanta, na bi har inda waya ke ɓoye abin da aka goge na share. Na fita na isar da saƙo yadda ta faɗa. Sanduna suka sauka, aka janye gungume. Yaron ya durƙusa a ƙofar zaurenmu ya ba da haƙuri, ta amsa masa daga ciki.

Inna ba ta ga girbin wannan shekarar ba, Allah ya yi mata rasuwa. Da muka nemi hotonta bayan an share makoki, ba mu samu komai ba sai na katin zaɓe, ta ɗaure fuska cikin hijabi kamar wadda aka yi wa laifi. 'Ya'yana shi suke kallo su ce kakarsu mafaɗaciya ce.

Yanzu duk baƙon da ya sauka, tun a gindin tsamiya ake koya masa gafara. Ni ma nakan hau kafaɗar dutsen wani lokaci. Nakan ɗaga murya in yi gafara, in jira a kimtsa, sannan in hau in zauna ina kallon wurin nan kusa da rumbu inda tabarmarta take.