Yawun Karen Kyaftin

A zamanin jam'iyya ɗaya, wani kyaftin ya tilasta mini koya wa karensa ɗauko agwagwar da ya harbo. Mutanen Zongo suka ƙyamace ni.

Ranar gwaji na tsinci takardar zagin gwamnati a zaurena. Ina jin tsayuwar motar kyaftin, na dunƙule ta na wurga bayan katanga. La'anannen karen ya ɗauko, ya kai masa har hannu!

Kyaftin ya yi dariya, ya sake wurgawa bai buɗe ba. Sau biyar karen yana ɗaukowa ina salati a zuci, har takardar ta jiƙe ta dagargaje.

Yawun da na yi wata uku ina wankewa da ƙasa, shi ya hana a ɗaure ni.