Ƙuri'ar da Ban Jefa Ba

Mu 'yan Arewa da ke aiki a Doha muna da asusun jinya, kowa na zuba abin da ya sawwaƙa duk wata. Sai dai mamba kaɗai yake ɗauka. Ni na kawo shawarar a haɗa da iyayen da ke zuwa mana ziyara, kuma ni na fi kowa ɗaga murya a taro. Aka sa ranar Asabar don ƙuri'a, akwati a gidan shugabanmu a unguwar Mesaimeer, daga hantsi zuwa la'asar.

A lokacin Inna, mahaifiyata, tana wajena. Ita a gida ranar zaɓe da ta sallame asuba take ɗaukar 'yar kujerarta ta tafi layi, muna yi mata dariya wai za ta riga akwatin zuwa. Da safen Asabar ɗin ta ce, "Je ka jefa tukuna, kasuwa ba za ta gudu ba."

Na ce, "Inna, har la'asar fa ake yi." Ni da ba na zuwa ɗaurin aure sai an shafa fatiha.

Muka tafi kasuwar Abu Hamour sayen kayan miya. Tana cikin taɓa tumatir tana kushe shi, santsi ya kwashe ta a inda aka wanke daɓe. Ƙugu ya karye.

A asibiti likita ya ce sai an yi aiki. Inshorar da na yi mata ta baƙi ce, mafi araha, na zaɓe ta a gurguje ban ma karanta ba. Da aka faɗa mini abin da zai rage a kaina, sai da na nemi wurin zama. Ina tsakanin wannan tagar biyan kuɗi da waccan har la'asar ta wuce ban sani ba.

Bayan magariba shugaba ya kira ya yi mini jaje. Sannan ya ce an yi kunnen doki, kuma a dokarmu in aka yi haka, komai yana nan yadda yake. Ban ji haushin waɗanda suka ƙi ba. Kunya ce ta kama ni.

Da Inna ta ji ana maganar kuɗi ta ce a mai da ita gida wurin mai ɗori. Na ƙi, na sayar da motata aka yi aikin.

Ran da ta fara takawa da sanda ta tambaye ni yadda zaɓenmu ya ƙare. Na gaya mata.

Ta ce, "To kai ka jefa taka?"

Na sunkuya ina gyara mata takalmi. Ba ta sake tambaya ba.